Riƙon ƙwarya ba gidan zama ba ne

Asalin riƙon ƙwarya, a damƙa maka abu na ɗan lokaci kafin mai shi ya iso. A aikin gwamnati kuwa, sau da yawa mai shi ba ya zuwa, wanda ya ba da riƙon ma ba ya gaggawar nemo shi.

Babu mai musun cewa akwai lokacin da dole a yi riƙo. Babban sakatare zai iya rasuwa, ana iya dakatar da shugaban hukuma, kuma ba za a rufe ofis ba. Matsalar tana farawa ne idan ba a sa ranar gamawa ba.

A tuna da Ibrahim Magu. Shugaba Buhari ya naɗa shi muƙaddashin shugaban EFCC a Nuwambar 2015. Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da shi har sau biyu, a Disambar 2016 da Maris 2017, amma ya ci gaba da zama a kujerar har Yulin 2020. Kusan shekara 5 hukumar da ke kama manya tana hannun mutumin da sanarwa guda ta isa ta raba shi da kujera. Ko da shi waliyyi ne, wa zai yarda cewa ba ya duban fuskar fadar shugaban ƙasa?

Mu a Zamfara mun san wannan ta hanyar kantomomi. An yi shekaru ƙananan hukumomi 14 suna hannun waɗanda gwamna ya zaɓa, alhali sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su jagorance su. Sai da Kotun Ƙoli ta haramta haka a ranar 11 ga Yulin 2024, sannan aka yi zaɓe a jihar a Nuwamban shekarar.

Wanda ke ɗanɗana kuɗarsa shi ne na ƙasa. Ma'aikacin da ke fitowa daga Damba kowace safiya yana bin takardar ƙarin girma, ko dattijon da ya biya kuɗin mota daga Tsafe ko Bunguɗu domin kuɗin sallamarsa, amsa ɗaya suke ji: a jira a naɗa mai cikakken iko. Mai riƙo yana tsoron sa hannu kan abin da zai ɓata wa wani babba rai, ba ya kuma iya cewa a'a idan an aiko masa da kwangila daga sama. Wani ma, rabin lokacinsa wajen kamun ƙafa yake ƙarewa.

Abin mamaki, maganin yana cikin kundin. Sashe na 271 ya ce idan kujerar babban jojin jiha ta zama babu kowa, gwamna zai ba alƙalin da ya fi daɗewa riƙo, kuma riƙon zai ƙare bayan wata 3 sai fa idan Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta ba da shawarar a tsawaita.

Me zai hana Majalisar Dokokin Zamfara ta yi irin wannan doka ga shugaban ma'aikata, akanta janar, manyan sakatarori da shugabannin hukumomi? A ba mafi girman muƙami a ofishin, a rubuta ranar gamawa a takardar naɗi, a sanar a rediyo. Idan wata 3 ya yi kaɗan, a ce 6. Ranar da wa'adin ya cika, sa hannunsa ya daina aiki a baitulmali.