Ledar ruwan gishiri: ƙaramin kayan da rayuwar majinyaci ta rataya a kansa

A ƙarshen watan Satumban 2024, ambaliyar da mahaukaciyar guguwar Helene ta haddasa ta tsayar da aiki a masana'antar kamfanin Baxter da ke jihar North Carolina. Wannan masana'anta ita kaɗai ke samar da kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a Amurka. Cikin 'yan kwanaki asibitoci suka fara tsimin ledojin ruwa, wasu ma suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. Ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan kiwon lafiya ta wayi gari tana lissafin ruwan gishiri.

Sashen kula da masu matsanancin ciwo na cikin wuraren da irin wannan ƙaranci ya fi barazana. Majinyacin da jininsa ke hawa da sauka ba ƙaƙƙautawa, akan sanya masa siririn bututu a cikin jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, galibi a wuyan hannu. Ta nan na'ura ke nuna ƙarfin bugun jini a kowace daƙiƙa, ta nan kuma ake ɗibar jinin gwaji ba tare da an yi ta sukar majinyaci da allura ba. Matsalar ita ce jini na daskarewa a cikin bututun. Don hana toshewa, ana haɗa shi da ledar ruwa da aka matse da iska, tana tura kimanin mililita uku a kowace sa'a. Idan bututun ya toshe, alƙaluman na'ura sukan yaudari likita, kuma sai an sake huda wata jijiyar.

Shekaru da dama al'adar asibitoci ita ce a zuba maganin hana daskarewar jini mai suna hefarin a cikin wannan ruwa. Amma a 2014 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, ta ce hujjar da ke hannu ba ta isa a tabbatar cewa hefarin ya fi ruwan gishiri zalla ba. Shi kuwa hefarin yana da nasa haɗarin. Yakan rage ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini a jikin wasu majinyata, ya kuma jawo musu gudajin jini, sannan yakan gurɓata sakamakon gwajin daskarewar jini. Akasarinsa daga hanjin alade ake tace shi, kuma ƙasar Sin ce babbar mai samar da sinadarin. A 2008 gurɓataccen hefarin da aka gano asalinsa a can ya yi sanadin mutuwar mutane da dama a Amurka. Saboda waɗannan dalilai, asibitoci da yawa sun koma amfani da ruwan gishiri kaɗai.

Ko a inda ruwan yake wadace, akwai wani tarkon. Ledar ruwan gishiri da ta ruwan sukari sun yi kama ƙwarai. Idan aka rataya ta sukari bisa kuskure, ɗan abin da ya gauraya da jinin gwaji zai nuna kamar sukarin majinyaci ya yi sama. Sai a ba shi insulin alhali ba ya buƙata, sukarinsa na ainihi ya faɗi, ƙwaƙwalwarsa ta lalace, shi kuwa yana kwance cikin maganin barci ba ya iya kokawa. Hukumar kare lafiyar majinyata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a 2008, amma har 2022 sai da masu binciken kura-kuran asibiti a Ingila suka sake fitar da rahoto a kan matsalar. Shekara 14 na gargaɗi ba su kawar da ita ba, domin jan kunnen ma'aikacin jinya ba ya sauya kamannin leda, ba ya gyara yadda ake jera kaya a ɗakin ajiya, ba ya kuma rage yawan majinyatan da ke wuyan mutum guda.

A nan ne batun ya shafi Nijeriya. Gwamnatoci sun fi son ƙaddamar da gini da manyan na'urori, domin su ake ɗauka a hoto. Kayan da ake amfani da su kullum su ƙare, irin su bututu, leda da sirinji, sau da yawa dangin majinyaci ake miƙa wa takarda su je su sayo. A Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan umarnin cire haraji daga wasu injuna da sinadaran haɗa magunguna domin ƙarfafa masana'antun cikin gida. Abin da ya faru a North Carolina ya nuna cewa sarrafa kaya a gida kaɗai bai wadatar ba, matuƙar ƙasa ta dogara da masana'anta guda kuma ba ta da ajiya.

Don haka idan gwamna ya yanke ƙyallen buɗe sabon sashen kulawa ta musamman, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan jarida da 'yan majalisa su yi masa. Nawa aka ware a kasafin kuɗi domin kayan yau da kullum? Kamfani nawa ke kawo ruwan, kuma ajiyar wata nawa ake da ita? Majinyata nawa ne a hannun kowane ma'aikacin jinya da daddare? Idan an yi kuskure, wa ake kai wa rahoto, kuma gyara ake yi ko rufa-rufa? Amsoshinsu za su nuna ko sashen zai ci gaba da aiki shekara guda bayan bikin.