Nasarar Ranar Ista da Kuɗin Saudiyya: Darasi Daga Jon Rahm

A ranar Lahadin Ista, 9 ga Afrilu 2023, Jon Rahm ɗan Sifaniya ya lashe gasar golf ta Masters a Augusta da ke Amurka, kamar yadda Bernhard Langer ya yi a Istar 1993, Bubba Watson kuma a ta 2012. Waɗanda suka zo na biyu, Brooks Koepka da Phil Mickelson, 'yan gasar LIV ne a lokacin, wadda asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ke ɗaukar nauyinta. Masu adawa da LIV suka yi ta murna, wai al'ada ta kayar da kuɗi. A Disamba, murna ta koma ciki: Rahm da kansa ya koma LIV. To, wa ke da wasan yanzu, masu tarihi ko masu asusu?