Sharhi: Tun da Microsoft ya saki Windows 10, girman allo ya daina zama hujjar sayen kwamfuta

A shagunan sayar da kwamfutoci na Yamai, Maradi da Damagaram, wadda ke fara ɗaukar idon mai shigowa ita ce babbar: mai inci 17, faɗinta ya kusa cika tebur, ga jerin lambobi a gefen dama na madannanta kamar na kwamfutar ofis. Ɗaliban gine-gine da masu haɗa bidiyon biki da masu riƙe da lissafin kanti duk suna da dalilin sonta. Haka ma ɗan'uwan da ke Liyon ko Aljiyas ko Dubai, in ya tashi aiko wa ƙanensa tsarabar karatu, ya fi son abin da za a buɗe a gida a ce lallai an yi aike.

Sai dai wani abu ya canja a kasuwar tun ranar 14 ga Oktoban 2025. A ranar ce kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10, wadda ya fitar a 2015. Kwamfutar da ke aiki da ita ba ta mutu ba, tana kunnuwa kamar kullum, amma ta daina samun gyare-gyaren tsaron da ake turowa kyauta kowane wata domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga ɗaiɗaikun mutane, wanda ake shiga da dalar Amurka 30 ko kuma kyauta ta hanyar asusun Microsoft, amma shi ma zai ƙare ranar 13 ga Oktoban 2026.

Magajiyarta, Windows 11, ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, sai ta kasance ta Intel zubi na 8 zuwa sama, in ban da ƴan kaɗan daga zubi na 7. A ɓangaren AMD, ga kwamfutocin hannu, abin da ya fi aminci shi ne Ryzen mai lamba 3000 zuwa sama. A taƙaice, yawancin abin da aka ƙera kafin 2018 ya faɗi wannan jarrabawa. Kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasi tun a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan mataki zai iya mayarwa shara. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane inda wani kaso na abin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama yake dosa. Hanyar da tsoffin motoci da gwanjon tufafi ke bi, ita ce dai hanyar.

Matsalar ta fi shafar manyan kwamfutoci saboda wani dalili mai sauƙi. Masu inci 17 da suka fi cika ido a kasuwar na-hannu su ne irin su HP ZBook 17 da Dell Precision, waɗanda aka ƙera domin injiniyoyi. Ƙarfafa ne na gaske, kuma sun ci kuɗi masu yawa lokacin da suke sababbi. Amma ZBook 17 G3 da Precision 7710 na ɗauke da furosesa zubi na 6 ne, G4 da 7720 kuma ba su wuce zubi na 7 ba. Sai an kai G5 ko 7730 kafin a shiga zubi na 8. A ido kusan duk ɗaya suke. Bambancin lamba ɗaya a ƙasan na'urar shi ne ke raba wadda za ta ci gaba da samun kulawa da wadda aka riga aka yaye.

A nan ne kalmar “i7” ke cin kuɗin mutane. Mai shago zai ce i7 ce, ya nuna ɗan tambarin da ke manne kusa da madannai, mai saye kuma ya ji ya kai ƙarshen magana. Alhali i7 suna ne na aji, ba ya faɗin shekaru. Shekarun suna cikin lambar da ke biye: a i7-7500U, bakwai ɗin farko na nufin zubi na 7, a i5-8250U, takwas na nufin zubi na 8, a i5-1135G7 kuwa lambobi biyu na farko ake karantawa, zubi na 11 ke nan. Kuma i5-8250U ɗin nan mai ƙwayoyin aiki 4 ta fi i7-7500U mai ƙwayoyi 2 ƙarfi, ga shi Windows 11 na karɓarta. Tambarin da ke manne kuwa, takarda ce mai gam, ana iya ɓamɓarowa daga wata a liƙa wa wata. Abin dogaro shi ne sunan da na'urar da kanta ta nuna a shafin bayananta bayan an kunna ta.

Ko ganin Windows 11 a kan allo bai isa shaida ba. Akwai hanyoyin tsallake sharuɗɗan a ɗora ta a kan tsohuwar na'ura, kuma duk mai gyaran kwamfuta ya san su. Tana aiki, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan gyare-gyare ba. Wannan ba yana nufin tsohuwar kwamfuta ba ta da amfani ba. Mai iya aiki da Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, zai mori zubi na 6 shekaru masu yawa. Maganar ita ce a saye ta da saninta, kuma a farashinta na tsohuwa.

Shi kansa allon da ake saye dominsa, girmansa da kyansa abubuwa biyu ne daban. Inci 17,3 awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, kimanin santimita 44. Abin da ke sa rubutu ya fito tas shi ne yawan ɗigon da ke cikin wannan fili. Masu araha da yawa na zuwa da 1600 x 900, alhali wata ƙarama mai inci 14 tana da 1920 x 1080. Ke nan ƙaramar ta fi babbar nuna layuka a shafin Excel, babbar dai ta ƙara wa haruffa ƙiba ne kawai. Ga mai zane ko haɗa bidiyo, duk abin da ya gaza 1920 x 1080 a wannan girma asara ce. Akwai kuma nau'in gilashin. Wanda ake kira TN launinsa na dushewa da zarar an kalle shi daga gefe ko an ɗan kwantar da marfin, IPS kuwa ba ya canjawa. Gwajin bai fi daƙiƙa biyar ba: a buɗe hoto, a karkata kai. Sannan a cika allon da fari, a sake cika shi da baƙi, domin matattun ɗigo da tabon da nauyin kaya ya bari a cikin kwantena su bayyana. In da hali a fito da ita bakin ƙofar shago, domin allon da ya yi kyau a cikin inuwa yana iya ɓacewa a hasken rana irin namu.

Inda manyan kwamfutoci suka fi mutuwa ba a furosesa ba ne, a gaɓar da ta haɗa marfi da gangar jiki ne. Marfin inci 17 yana da faɗi da nauyi, kuma a yawancin waɗanda aka ƙera domin amfanin gida, ƙarfen gaɓar an ɗaure shi ne da ƴan kusoshi a cikin roba. Ƙura na shiga, gaɓar ta yi tauri, kowace buɗewa ta riƙa jan robar har ta tsage, daga nan wayar allo ta bi baya. Mai saye zai iya gane wannan tun a shago. Ya buɗe marfin a hankali daga tsakiya yana sauraro, ya duba kusurwoyi biyu na baya ko jikin yana buɗe baki, ya nemi alamar gam ko kusar da ba irin sauran ba. Ya danna tsakiyar madannai ya ga ko suna lotsawa. Kusoshin ƙasa da kansu ya cinye na nuna an sha buɗe ta, wanda ba laifi ba ne in mai shagon ya yarda ya faɗi abin da aka canja.

Abin ban haushi shi ne kwamfutocin da suka fi jure wahala a kasuwar na-hannu, irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook da ake ƙera wa ma'aikatan kamfanoni da jiki mai ƙarfe, yawancinsu inci 14 ne ko 15,6. A inci 17 zaɓin yakan koma biyu: ko ta roba mai sauƙin kuɗi, ko ta injiniyoyi mai nauyin kilo 3 ko fiye, wadda cajarta kaɗai ta kai girman bulo. Wanda zai riƙa hawa kabu-kabu da ita kullum zuwa jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko ta Abdou Moumouni ya kamata ya ɗaga jakar da cajar a ciki kafin ya biya.

Sai maganar wuta da zafi, wadda takardar bayanan masana'anta ba ta san da ita ba. Cajar kwamfuta mai inci 14 takan tsaya a wat 45 zuwa 65. Ta manyan nan na injiniyoyi tana kai 200 har 240. A gidan da ke dogaro da ƙaramin faifan sola, ko a unguwar da Nigelec ke ɗauke wuta sa'o'i a lokacin bazara, wannan bambanci ne da ake ji a jiki. Babban allo kuma na cikin abubuwan da suka fi shan batir. Windows na da umarni, powercfg /batteryreport, da ke fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batirin lokacin da aka ƙera shi da abin da yake iya ɗauka yanzu. In na biyun ya sauka zuwa rabin na farko, kuɗin sabon batir ya shiga cikin ciniki, in ma ana samun irinsa a gari. Yawancin masana'antu na rubuta digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin aiki, alhali a Afrilu da Mayu Tawa da Yamai na wuce 40 a kai a kai. Saboda haka gwajin minti biyu bai isa ba. A bar ta tana juya bidiyo mai nauyi na kwata ɗin awa, a saurari fanka, a taɓa inda iska ke fita. Fankar da ke ihu babu iska alama ce ta ƙura ta toshe hanya.

RAM da ma'ajiya ba sa buƙatar dogon bayani: giga 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 ga mai bidiyo ko zane, ma'ajiyar kuma ta zama SSD ba tsohon faifai mai juyawa ba. Abin da ya ƙaru shi ne tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe abin da masana'antu ke fitarwa. Tsohuwar dabarar nan ta a sayi mai giga 4 a ƙara daga baya ta daina zama mai sauƙi kamar da. A wannan fanni manyan kwamfutoci na da fifiko na gaske, domin yawancinsu na da gurabun ƙari, wasu siraran na zamani kuwa RAM ɗinsu a like yake da allon na'ura.

Ga ƴan ƙasar waje masu aike, akwai ƙananan abubuwa da ke zama manya in kaya sun iso. Kwamfutar Faransa ko Beljiyam na zuwa da madannai AZERTY da aka saba da su a ofisoshi da makarantun Nijar. Ta Kano, Legas, Dubai ko Amurka QWERTY ce, kuma ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu da Faransanci zai sha neman é da ç, ko da yake ana iya sauya tsarin a manhaja a liƙa ƴan takardun haruffa. Caja ba matsala ba ce, kusan duka na karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, bakin filogi kawai ake sauyawa. Babban haɗarin shi ne na'urar da ta fito daga wani kamfani ba a sallame ta daga rajistarsa ba. Irin wannan na iya aiki lafiya har ranar da aka sake ɗora mata Windows aka haɗa ta da intanet, sai ta nemi a shiga da asusun ma'aikacin kamfanin. Haka ma wadda aka kulle BIOS ɗinta da kalmar sirri. Dole a gwada duka biyun kafin ta hau jirgi, domin babu wanda zai mayar da ita Liyon.

Mayar da kaya ma ko a nan kusa ba abu ne mai sauƙi ba. Tun bayan rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke shigowa ta teku na zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma tsawon hanyar na bayyana a farashi. Wasu matasan Maradi da Damagaram kan tsallaka Katsina ko Kano saboda faɗuwar naira ta sa sefa ta yi nauyi a can. Ribar gaskiya ce, amma garantin mako ɗaya da aka bayar da baki a Kano ba shi da amfani ga wanda ya gano tsagewar gaɓa bayan ya koma Mirriya. Takardar saye mai ɗauke da lambar na'urar, cikakken sunan furosesa da adadin kwanakin garanti ita ce kaɗai abin riƙewa, a Kano ne ko a Yamai.

Akwai masu ganin mafita ita ce a sayi mai inci 14 mai ƙarfi, zubi na 8 zuwa sama, a haɗa ta da allon tebur ko talabijin ta wayar HDMI in an dawo gida. Ga ɗalibi mai yawo wannan lissafi ya fi. Rauninsa ɗaya ne: in aka ɗauke wuta babban allon ya tafi, sai ƙaramin ya rage. Mai kanti ko mai ɗakin haɗa bidiyo da na'urarsa ba ta barin tebur yana da hujjar tsayawa kan inci 17. Shi ma in zubi na 6 ko na 7 aka miƙo masa, ranar 13 ga Oktoban 2026 na cikin abin da zai aza a kan tebur lokacin da ake maganar ragi.