MU DUBA HAƘORIN TAYA KAMAR YADDA MUKE DUBA NA SA

Malam Edita, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana fatake da dillalai a kan wani abu da muka mai da shi ba namu ba, alhali kuwa dukiyarmu ce ke bisa kansa. Maganar tayar mota ce, musamman a lokacin damina.

Na san wani Alhajin zai ce, mu da muke cinikin shanu ina ruwanmu da taya, ai wannan aikin mai mota ne da direbansa. Ni ma haka nake cewa da can, har sai da abin ya faɗo a kaina.

A watan Agusta na 2019, ana tsakiyar marka, na sayi shanu 22 a kasuwar Adumri ranar Alhamis. Rabinsu ba nawa ba ne, amanar wasu bayin Allah biyu ce da suka ba ni kuɗinsu in juya. Na ɗauki shatar kamiyo mai ƙafa goma, muka yi lodi bayan la'asar, hadari kuwa ya riga ya haɗo daga gabas. Na hau bayan motar na duba ko an zuba yashi da ciyawa, na duba igiyoyi, na duba sakatar ƙofa. Abu ɗaya ne ban duba ba, shi ne abin da motar ke tsaye a kansa. Tun ba mu kai kwalta a Pitowa ba muka shiga wata fadama mai baƙar laka, irin wadda 'yan'uwanmu Fulani ke kira karal. Nan mota ta kafe. Da na haska tocila sai na ga tayoyin baya suna ta juyawa a wuri ɗaya, sun suɗe sumul kamar bayan ƙwarya. Direba ya dinga ba ta wuta, ita kuwa tana ƙara haƙa wa kanta rami, har ta karkace gefe guda. Duk wanda ya taɓa bin motar shanu ya san abin da ke biyo bayan wannan. Shanu suka zubo wuri ɗaya, wata ta durƙusa, saura suka hau kanta. Biyu muka samu muka yanka da hasken tocila. Ta ukun sai da gari ya waye muka tarar da ita mushe a ƙarƙashin 'yan'uwanta. Naman biyun nan kuwa mutanen ƙauye ne suka yi masa kuɗi, ba ni ba, don sun ga ba ni da inda zan kai shi.

Direba ya ce ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce. Amma tun muna yara a Islamiyya aka koya mana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma wanda aka ba amana ana tambayarsa in ya yi sakaci. Ni na san na yi sakaci, don haka na biya mutanen nan daga aljihuna.

Tun daga ranar na shiga zama wurin masu faci da tsofaffin direbobi ina tambaya, kuma abin da na fahimta bai fi ƙarfin kowane ɗan kara ba. Mu fa ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun ƙirga haƙora, kome ƙibarsa kome sheƙin fatarsa. To, taya ma tana da haƙoran da ke nuna shekarunta. A gefenta akwai dogon rubutu da ke farawa da DOT, a ƙarshensa akwai lamba huɗu, galibi a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. In kuwa lamba uku ka gani, to tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, wato ta girmi yaron motar da ke ɗaura ta. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya in ta kai shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a sauke ta ko da zanenta bai ci ba. Roba tana tsufa ko tana aiki ko tana ajiye, ta bushe, ta yi 'yan tsage-tsage a gefe kamar kaushin ƙafa.

Wannan ya kawo ni kan tayoyin gwanjo na Turai. Dattawanmu za su tuna watan Janairu na 1994 da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Kayan waje suka yi tsada dare ɗaya, mutane da yawa suka koma wa gwanjo, har ya zame mana jiki. Ba na cewa duk tayar gwanjo banza ce, ni ma na sha sa ta a ƙaramar motata. Abin da nake cewa shi ne mu san abin da muke saye, domin akwai iri biyu da suke ruɗin ido ƙwarai.

Ta farko ita ce tayar sanyi. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba ana yin taya ta musamman da roba mai taushi, wadda aka tsara don lokacin da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7. A Faransa ma tun shekarar 2021 doka ta wajabta wa masu bin wasu yankunan duwatsu su sa irinta ko su riƙe sarƙar taya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Ana gane ta da hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a cikinsa, ga kuma ƙananan tsaga masu yawa a jikin zanen, kamar an yi mata zube da aska. In ta ɗan ci sai su fid da ita, ta biyo jirgin ruwa ta sauka a Duwala, ta iso mana nan Garwa inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu. Mai a-kori-kura ya gan ta da zane rututu, ya ce ya samu ta damina. Ina! A kwalta mai zafi cinyewa take yi da wuri, a cikin laka kuma tsagogin nan cikewa suke yi nan da nan, ta koma kamar ba ta da zane. Sai dai in yi adalci: a tayoyin manyan motoci hoton dutsen nan kaɗai ba aibu ba ne, don da yawa daga masu kyau na ƙafar baya suna ɗauke da shi. A can zanen kansa za a duba. Haka ma harafin M+S, wanda masu sayarwa ke nuna maka su ce ai an rubuta ta taɓo ce. Rubutu ne kawai da kamfani ya sa. Taɓon Bature ba karal ɗin Binuwai ba ne.

Ta biyu ita ce wadda ta fi ba ni mamaki. Turawa suna da wasu motoci masu gado da murhu a ciki, da suke fita yawon hutu da su 'yan makonni a shekara, sauran watanni kuwa suna ajiye a rana. Tayarsu wani lokaci za ka ga an rubuta CP a bayan lambar girmanta. Tana iya yin shekara takwas zanenta na nan kamar jiya aka saya, don ba ta yi tafiya ba. Irin tsohuwar saniyar nan ce da aka turke aka ciyar da ita ƙuli da dusa har ta murje. Ido ya ce budurwa, haƙori ya ce kaka.

To wace taya ce ta laka? Mai manyan gaɓoɓi, masu rata a tsakaninsu, waɗanda suka fito har kafaɗar tayar. Amfanin ratar shi ne in taya ta juyo sai ta watsar da lakar da ta ɗauka, ta sake cizon ƙasa da sabon haƙori. Wannan a ƙafafun baya ake sa ta, masu tura mota. Ta gaba kuwa aikinta daban, ita ce ke riƙe da sitiyari, ana so ta zama mai dogayen layuka, kuma ita ce ya kamata ta fi kowace lafiya a motar. Tayar da aka yi wa sabon baya, ko wadda aka sassaƙe wa zane da wuƙa mai zafi, ko mai babban faci a gefe, ba ta da wurin zama a gaba. Wanda ya taɓa gangarowa daga dutsen nan na hanyar Ngaundare wajen Mbe, ko ya hau shi da lodi don ya riski jirgin ƙasa, ya san abin da fashewar tayar gaba ke nufi a wurin. Sassaƙar zane ma akwai tayoyin manyan motoci da aka yi su da kaurin da zai ɗauke ta, kuma ana rubutawa a jikinsu. Wadda ba a yi don haka ba, wuƙa na kaiwa ga waya, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci ta daga ciki, rana ɗaya sai ka ji kamar an harba bindiga.

Sai nauyi. Kusa da lambar girman taya akwai wata lamba, misali a 315/80 R22.5 za ka ga 156/150. Ma'anarta ita ce tayar na ɗaukar kilo 4,000 in ita kaɗai ce, ko kilo 3,350 in an goya ta da 'yar'uwarta. A nan fa laifin ba na direba kaɗai ba ne, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu ne muke tsayawa a bakin lodi muna cewa, haba maigida, ƙara guda biyu mana, ai da sauran wuri. Kuma lodin shanu ba lodin auduga ko buhun masara ba ne da zai zauna inda aka ajiye shi. Kaya ne mai rai, in mota ta karkata shi ma sai ya bi ta, nauyin duka ya koma kan tayoyin gefe ɗaya. Gudali ashirin ba ɗaya suke da 'yan maruƙa ashirin ba, amma mu kai muke ƙirgawa.

Tayoyin goyo kuma sai tsayinsu ya zo ɗaya. In an haɗa sabuwa da suɗaɗɗiya, sabuwar ce ke ɗaukar mafi yawan kayan har ta yi zafi ta fashe. Kada kuma a haɗa mai waya da mai zare a ƙafa ɗaya. Iska kuwa, yaran mota sun saba su bubbuga taya da ƙarfe su ce ta yi. Ƙarfe ba ya gaya maka komai sai dai ko ta sace gaba ɗaya. A auna da ma'auni, da safe kafin taya ta yi zafi. Rage iska yana taimako in za a haye yashin mayo, amma a motar goyo mai lodi in aka rage da yawa sai tayoyin biyu su riƙa gugar juna. Babban kuskuren kuma shi ne a hau kwalta ba a mayar da iskar ba, a kama hanyar Ngong ana gudu.

Akwai kuma ranar da babu tayar da za ta fid da kai. Tun dokar kare hanyoyi ta 1996, wadda aka sake ta da sabuwa a 2022, an tanadi shingen ruwan sama a hanyoyin da ba kwalta, a tsare manyan motoci har ƙasa ta tsane. Mun saba ɗaukar mai tsaron shingen nan abokin gaba, muna lallashinsa ya ɗaga mana. Da ma wani ya tare ni a daren nan na Agusta! Jiran 'yan awoyi da shanu a tsaye a wuri mai tauri ya fi kwana a karkace cikin fadama. A ganina ma, a tsakiyar marka, gara a ba makiyaya su koro dabbobi a ƙasa har bakin kwalta kamar yadda iyayenmu suka yi, sannan a yi lodi a can. Ladan ɗan koro bai kai kuɗin ƙafar sa guda ba.

Masu motoci za su ce taya ta yi tsada, in muna son sabuwa sai mu ƙara kuɗin shata. Wannan magana ce ta gaskiya, kuma ni na yarda a ƙara. Wanda ya matse mai mota har ya rasa ribar sayen taya, shi ma yana da hannu a abin da ya faru a hanya. Amma ƙarin ya zo da sharaɗi.

Don haka ga shawarata ga shugabannin ƙungiya, ina kuma roƙon a sa ta cikin abin da za a tattauna a zama na gaba, kafin ruwa ya sauka. A zaɓi mutum biyu a kowace kasuwar da muke lodi, ɗaya daga cikinmu, ɗaya tsohon direba ko mai faci da aka yarda da shi, su zagaya mota kafin a ɗora ko da saniya ɗaya. Su duba shekarun tayoyin gaba, su duba zanen na baya, su tabbata akwai safaya mai iska da jak da shebur. Motar da ta kasa, a ba ta haƙuri ta jira rani. A kuma rubuta a takardar shata wanda zai ɗauki asara in taya ce ta jawo ta, a sa hannu gaban shaidu biyu tun a kasuwa. Ni dai daga wannan damina, Alhamis a Adumri ko Litinin a Ngong, duk direban da zai ɗauki shanuna sai ya yi haƙuri da ni in durƙusa in karanta lambar nan huɗu tukuna.