Wa Zai Sauki Baƙo a Zangon Tamale?

Jama'a, a wannan mako muna so mu taɓo wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato yadda ƙofofin masallatai da zaurukanmu a nan Tamale suke rufuwa da zarar an idar da sallar isha'i, matafiyin da dare ya riske shi ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa sai benci a tashar Aboabo ko rumfar kasuwa. Abin da ya sa lamarin ya fi damunmu shi ne wurin da wannan ke faruwa sunansa zango, kuma duk mai jin Hausa ya san ma'anar kalmar: inda ayari ke sauke kaya ya kwana.

Kakannin da yawa daga cikinmu da ƙafa suka zo ƙasar nan. Fataken goro kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su bi ta Jega da Yawuri, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Zugu, su ɓullo Sansanin Mango da Yandi, kafin su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar watanni ce, madugu na riƙe da ragamar ayari, jagaba na gaba yana duba hanya. A kowane gari akwai kuɗin fito da za a biya sarki, akwai 'yan fashi a daji, ga goro da ba ya son sakaci, sai an riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa. Babu bafataken da ya isa ya yi wannan tafiya da ƙarfinsa shi kaɗai. Abin da ya riƙe ta shi ne mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda ke jiransa a garuruwan kan hanya.

A nan ne muke ganin mutanen yanzu ba su fahimci abin da kyau ba. Sun ɗauka saukar baƙi a da tausayi ne kurum, alhali tsari ne mai ƙa'ida. Bafatake idan ya iso, maigida ne zai karɓe shi, ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, matan gida su dafa masa tuwo, a haɗa shi da dillali mai jin harshen garin. Idan ya sayar da kaya bashi, maigida ne mai lamuni. Idan ya yi rigima, maigida ne zai je gaban sarkin zango, sarkin zango kuma shi zai amsa a gaban sarkin ƙasa. Idan ya mutu, su za su yi masa sutura su ajiye dukiyarsa har magada su zo. Maigida na samun la'adarsa, ba a ɓoye wannan ba. Amma abin lura shi ne babu baƙon da ke kwana a gari ba tare da an san sunansa da garinsu da inda ya dosa ba.

Ba mu ce komai na wancan zamani abin alfahari ba ne. Kasuwar Salaga da aka sayar da goro, a cikinta aka sayar da bayi, kuma waɗannan bayin Allah su ma da ƙafa aka kawo su, babu wanda ya yi musu maraba. Rijiyoyin garin suna nan har yau ga mai son ya je ya gani.

To, me muka samu daga baƙin da aka saukar? Alhaji Umaru, babban malamin nan da duk zangunan Gana ke ambato, a Kano aka haife shi, ya biyo hanyar fatake ya zauna a Salaga. Da yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa garin sai ya koma Kete-Krachi, ya yi limanci da karantarwa har ya rasu a 1934, Allah Ya jiƙansa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana saurayi ya nufo Gwanja har ya dangana da Ankara inda mahaifiyarsa take, kuma a harkar goron nan ya fara kafa dukiyar da zuriyarsa ke ci har gobe. Ranar da waɗannan mutane suka yi sallama a ƙofar wani, babu alamar da ta nuna abin da za su zama. An ba su ruwa ne saboda baƙi ne. Ita kanta Tamale, bayan Turawan Ingila sun mai da ita hedikwatar Arewa a 1907, an yanka wa Hausawa da Mosawa filin da muke kira Zangon Hausa da Zangon Mosi a yau.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta daga masu bugo waya a gidan rediyo. Za a ce zamani ya canja. Gaskiya ne. Masu ɗauke da makamai sun addabi Burkina Faso, ga rikicin Bawku da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma a 2022 ma'aikatar tsaron ƙasa ta fara yekuwar cewa duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya kai rahoto. Wani ladani ya taɓa shaida mana cewa ya bar wani ya kwana a masallaci, da asuba aka nemi baƙo da na'urar lasifika aka rasa. Ba za mu ce masa ya yi ƙarya ba, kuma ba za mu ce ya sake barin ƙofa a buɗe haka nan ba.

Sai dai mu tambayi kanmu, kulle ƙofar ya kori baƙon daga gari ne? Yana nan, ya dai koma kwana a inda babu mai tambayarsa ko wane ne shi. Mugu ma ya fi son haka. Wanda kullewar ta cuta shi ne yaron da ya fito daga Walewale neman aikin gona a Kintampo kuɗin mota ya ƙare masa, da matar da ta kawo mara lafiya asibiti ba ta san kowa ba, da makiyayin da ya kwana biyu yana bin sawun shanunsa da suka ɓata. Irin waɗannan su ne ke zuwa mu yi musu cigiyar dangi a rediyo, wani lokaci da takalmi a hannu saboda ya tsinke.

Ya kamata mu fi kowa sanin zafin a kira mutum baƙo a nuna masa hanya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana, aka kwashe mutanen zango da dama, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. A 1983 Nijeriya a ƙarƙashin Shehu Shagari ta yi nata, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo da kaya a ka. A watan Yuli na 2023 kuma hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta koka cewa an tusa ƙeyar ɗaruruwan 'yan Burkina daga arewacin ƙasar nan, akasarinsu mata da yara, ko da yake gwamnati ta musanta cewa ta ware wata ƙabila. Ba mu ji zanguna sun ɗaga murya yadda ya kamata a lokacin ba.

Wani abin mamaki, Turawa da ba su gaji zango ba sun ƙirƙiri nasu. A Amurka akwai hanyar ƙafa ta tsaunukan Appalachian mai tsawon kimanin kilomita 3,500, mutane na shafe watanni suna taka ta don sha'awa, mazauna garuruwan kan hanya na ajiye musu abinci suna ba su wurin wanka, har ana kiran masu yin haka mala'ikun hanya. Ko a kusa da mu, Sulaiman Hashimu da ya taka daga Legas zuwa Abuja a 2015, a ƙauyuka da rugagen Fulani ya riƙa kwana.

Shawararmu ba mai tsada ba ce. Kowane zango ya ware ɗaki guda kusa da masallacin Juma'a, da wani daban na mata, a sa tabarmi da randa da bayan gida. A ajiye littafi a hannun wakilin sarkin zango, duk wanda zai kwana a rubuta sunansa da garinsu da inda za shi, in yana da katin shaida a duba, in ba shi da shi a kai shi gaban mai unguwa maimakon a kore shi. Kwana uku, kamar yadda addini ya tanadar wa baƙo, daga nan a san abin yi. Idan 'yan sanda na da tambaya, ga littafi. Batun kuɗi kuwa, malamanmu sun san matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka a Suratut Tauba, amma yaushe rabon da mu ji an fitar da kasonsa a garin nan? Akwai kuma Asusun Raya Zanguna da majalisa ta kafa da doka a 2017, wanda ya kamata wakilanmu su ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Muna roƙon sarakunan zanguna da limamai, iyayenmu, su sa wannan magana a zamansu na gaba kafin sanyin hunturu ya sauko. Gidan da zai fara buɗe ɗakin, mu kuma za mu riƙa sanar da shi kyauta bayan labaran dare, da Hausa da Dagbanci, yadda wanda ya sauka a tasha zai san unguwar da zai nufa.