Nason Randa da Lissafin Kwamfuta

Malam Edita, ina roƙon ɗan fili a wannan mujalla tamu domin in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu karatun injiniya, da kuma yayyenmu da suka gama suka kama aikin gwamnati, a kan wata ɗabi'a da na ga tana neman zama mana jiki. Ni ma na taɓa faɗawa cikinta, saboda haka ba daga kan tudu nake magana ba.

A gidanmu a Kebbe akwai randa a gindin bango, an kafa ta a kan rairayi, da moɗa a kife bisa murfinta. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu, daga Tambuwal har zuwa Kuchi, ya san cewa a tsakiyar bazara, sa'ad da rana take neman narka mutum, ruwan randa yana nan da sanyinsa. In ka shafa jikinta ta waje za ka ji damshi. Wannan damshi shi ne naso, watau ruwan da ya ratsa ƙananan ƙofofin yumɓu ya fito ya shimfiɗu a bayan randa, siriri ƙwarai, bai kai kaurin farce ba. Iska ta busa, nason ya tashi ya zama tururi, ya tafi da zafi. Kilo ɗaya na ruwa idan ya tashi yakan kwashe zafi kimanin kilojul 2,400, alhali kuwa kilojul 84 kacal ake bukatar cirewa kafin lita 20 ta sauka da digiri ɗaya. Ashe ke nan ruwa cokali biyu ko uku, giram 35, in ya tashi daga jikin randa, ya isa ya rage wa lita 20 digiri guda, in ba a lissafa zafin da ke shigowa daga waje ba.

Da na shigo jami'a aka fara koya mana manhajar kwamfuta mai kwaikwayon gudanar ruwa da iska, sai na iske wannan siririn ruwa mai bin bango yana da babi nasa na musamman a cikinta. Tushen lissafin daɗaɗɗe ne. Navier na Faransa a 1822 da Stokes ɗan asalin Ireland a 1845 su suka tsara ƙa'idar motsin abu mai gudana, sa'an nan a 1916 wani Bajamushe, Wilhelm Nusselt, ya warware lissafin siririn ruwan da ke gangarowa a jikin bango mai sanyi. Abin da manhaja irin su ANSYS Fluent da OpenFOAM suke yi shi ne su yayyanka fili zuwa dubban ƙananan ɗakuna kamar idon raga, su yi lissafin kowane ɗaki bi da bi. To, ruwan da bai kai milimita ɗaya ba, in za a bi shi da raga mai idon da ya dace da shi, sai kwamfuta ta kwana ta wuni ba ta gama ba. Saboda haka aka yi dabara, aka ɗauke shi tamkar fata a jikin bango, ana lissafa kaurinsa da saurinsa da zafinsa a kowane taki na bangon kaɗai. Dabara ce mai kyau, amma fa tana da sharaɗi: sai mai aiki ya gaya wa manhaja halin da bangon yake ciki. Wane irin ruwa ne, nawa yake fitowa a kowane murabba'in mita cikin daƙiƙa, mene ne kaurinsa tun farko, yaya zafin bango, ruwan yana shimfiɗuwa ne ko yana dunƙulewa ɗigo-ɗigo, ina ne ƙasa ina ne sama.

A nan gizo yake saƙa. Yawancin waɗannan gurabe ba a wofi suke zuwa ba, akwai lambobin da masu manhaja suka riga suka zuba, kuma ɗalibi mai sauri sai ya bar su yadda ya tarar. Ranar da na fara gwadawa, na zana bango a tsaye, na sa masa ruwa, na zauna ina jiran ya gangaro. Ruwa ya tsaya cik kamar an liƙa shi da ƙaro. Sai da na ɓata kwana biyu kafin wani abokina ya nuna mini cewa a Fluent ƙarfin jan ƙasa a kashe yake zuwa, sai ka kunna shi da kanka ka faɗi inda ya fuskanta. Wannan kuskure mai sauƙi ne, domin ido yana ganinsa, kowa ya yi dariya a wuce. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ido ba ya gani.

Ruwan da ke cikin ma'ajiyar Fluent nauyinsa kilo 998.2 ne a kowane kubik mita, da danƙo 0.001003, watau ruwa a digiri 20. Iskar kuwa nauyinta 1.225, ta digiri 15 ce a bakin teku. Yaushe rabon Sakkwato da digiri 15 da rana tsaka a watan Afrilu? Mu da muke ganin 40 da ɗoriya. Gaskiya ne cewa ba kowane wuri bambancin yake da girma ba. Danƙon ruwa yana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin uku tsakanin digiri 20 da 40, amma bisa lissafin Nusselt kaurin ruwan mai gangarowa ba zai ragu da fiye da kashi 13 cikin ɗari ba. Mutum zai iya cewa wannan ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Sai dai ƙarfin da tururi yake tashi da shi daga fuskar ruwa, wanda shi ne kilofaskal 2.3 a digiri 20, ya kai 7.4 a digiri 40, ninki uku da ɗoriya. Ga wanda yake nazarin sanyaya abu ta hanyar tashin ruwa, a nan dukkan maganar take. Kwamfuta ba za ta yi maka gargaɗi ba. Za ta ba ka hoto mai ja da shuɗi da kore, kyakkyawa, ka manna a kundin kammala karatu, alhali randar da ka lissafa tana zaune ne a wata ƙasa mai sanyi wadda ba ka taɓa zuwa ba.

Akwai kuma lambar da babu ita a kowace ma'ajiya, ita ce yawan ruwan da yake ratsa yumɓu ya fito. Masu manhajar sun yi ta ne da tunanin ƙarfe da gilashi, irin man da ke fantsama a cikin injin mota, da ruwan sama a jikin fukafukin jirgi, da tururi a bututun masana'anta. Bangon da yake fitar da ruwa daga cikin jikinsa, sai kai ka faɗi nawa yake fitarwa. Wannan kuwa ya danganta da irin yumɓun da aka haƙo, da abin da maginiya ta cuɗa shi da shi, da yadda aka gasa, da shekarun randar. Har ma akwai tambayar da ta riga wannan: shin a jikin randa mai kyau akwai ruwa mai gudana, ko kuwa damshi ne kawai da yake tashi tun bai taru ba? In damshi ne kawai, to babin siririn ruwa bai ma dace da aikin ba, wata hanya za a bi. Ba a sanin amsar daga kujera, sai an tsuguna gaban randa an duba.

Kada wani ya ɗauka wannan wasan yara ne. A shekarun 1990 Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, domin tumatir da tattasai da ganye su daɗe ba su lalace ba a inda babu lantarki. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Ba shi da wata na'ura sai wannan naso da muke magana a kai. Haka nan Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan amfani da zafin rana. Ɗauki akwatin tace ruwa da rana: tururi yana tashi ya taru a ƙarƙashin gilashi, ya gangara zuwa magudana. Ko zai gangara a shimfiɗe, ko ya dunƙule ya ɗiga ya koma cikin gurɓataccen ruwa, ya danganta da karkatar gilashin da tsabtarsa. Ga kuma katangunmu na ƙasa da ruwan damina yake zaizaya duk inda indararo ya gaza, da makubar da iyayenmu suke shafawa domin ruwa ya zame. Duk waɗannan matsaloli ne na siririn ruwa a jikin bango, namu ne, kuma babu wani kamfani a Amurka da zai zo ya auna mana su.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a ɗakin kwana. Za su ce ɗakunan gwaje-gwajenmu babu kayan aiki, lokaci ya ƙure, malami yana jiran babi na huɗu. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Kuma lambobin da aka tarar suna da amfaninsu ga mai koyo, kamar yadda yaro yake bin rubutun malam a allo kafin ya iya nasa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce awon ya fi ƙarfinmu. Tulu guda, da sikeli mai nuna giram, da ma'aunin zafi biyu, ɗaya a bushe ɗaya an naɗe kansa da jiƙaƙƙiyar auduga domin a san laimar iska, da faranti a ƙarƙashi mai tarar abin da ya ɗiga. Ka cika tulu ka toshe bakinsa, ka auna da safe, ka auna da azahar, ka auna da magariba, ka raba abin da ya ragu da faɗin jikin tulun da tsawon lokaci. Ka sami lambarka ke nan. Kuɗin wannan duka bai kai abin da muke kashewa wajen buga kundi da yi masa bango mai ruwan zinariya ba. In kuwa ya zama dole ka yi amfani da lambar aro, to ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa aro ce, kada ka binne ta a ƙarƙashin hotuna.

Ku kuma yayyenmu da kuke ma'aikatun ruwa da ayyuka da gona, gobe wani ɗan kwangila zai ajiye muku rahoto mai kauri cike da irin waɗannan hotuna, yana cewa kwamfuta ta tabbatar rumbun sanyaya kayan lambu zai yi aiki. Ba sai kun iya manhajar ba kafin ku tambaye shi a wane zafi aka yi lissafin, da iskar wane wata, ta Maris mai bushewa ko ta Agusta mai laima, wadda kowace mata a ƙauye ta san ruwan randa ba ya sanyi sosai a cikinta. Ku nemi ya nuna muku shafin da ya jera sharuɗɗan bangon, da wanda ya auna su. Kuɗin talakawa ne za ku sa wa hannu.

Ni dai hutun nan mai zuwa da sikeli zan tafi gida. Da na gaya wa kakata nufina, sai ta ce: "Ɗan nan, kada ka kuskura ka taɓa mini randa. In awo kake so, je kasuwa ka sayo sabon tulu. Amma ka sani sabo ya fi tsoho naso, shi ya sa ruwansa ya fi sanyi." Na ce, "To Inna, ai sai ki ara mini tsohon tulunki ma, in auna su biyun." Har yanzu ba ta ce e ba.