Kada A Maimaita Cinikin Gyaɗa

A ƙasar Gumel, tun daga Sule Tankarkar har Maigatari da Gagarawa, ba abin da ya kai rana yawa, ba kuma abin da a ke raina wa kamarta. Damina wata uku ce ko huɗu, sauran shekara sararin sama fes ya ke. Manomi ba ya ambaton rana sai da kuka, don ita ke ƙone masa gero, ta ƙafar da tabki. Alhali kuwa masana sun auna, sun tarar da tsakar rana ƙarfin hasken da ke sauka a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, ya kai kimanin wat 1,000, watau kamar ƙarfin dutsen guga na lantarki. Wannan dukiya tana zuba kullum a kan rairayi, ba mai tara ta.

A waɗansu ƙasashe kuwa an daɗe ana neman dabarar tara ta. Akwai mutane a nan, har da masu ilmi da masu mulki, waɗanda in an kawo wannan zance sai su ce wasan Turawa ne, mai jin yunwa ba ruwansa da shi. Wannan magana kuskure ce babba, kuma talaka ne zai biya kuɗinta.

Ga yadda abin ya ke. Ruwa haɗin iska biyu ne, haidirojin da oksijin. In aka raba su, haidirojin tana kama wuta, tana tafiyar da inji, in ta ƙone kuwa ba hayaƙi, ruwa ta kan koma. Tun 1800 waɗansu Turawa biyu a Landan suka raba ruwa da lantarki. A 1972 kuma masana biyu na Japan, Fujishima da Honda, suka bayyana cewa hasken rana ma yana iya wannan aiki in ya faɗa a kan wani ma'adini na titaniyam da ke cikin ruwa, irin farin garin nan da a ke sa wa farin fenti.

Wannan ma'adini yana cikin jinsin da za a iya kira 'yan tsaka-tsaki. Jan ƙarfe yana barin lantarki ya wuce, roba tana tare shi, su kuwa waɗannan suna tsakani: in haske ya buge su sai lantarki ya motsa a cikinsu. Farantan sola da ke jawo ruwa a rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka da irin wannan ma'adini a ke yin su, watau silikon, wanda a ke tacewa daga farin dutse, ɗan'uwan yashi.

Amma da sauran rina a kaba. Ma'adinin titaniyam ba ya amfani sai da ɗan ɓangaren hasken rana wanda ido ba ya gani, abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Sai masana suka juya ga waɗansu, cikinsu har da jar tama, dangin tsatsa, irin wadda maƙeran ƙasar Hausa suka riƙa narkewa tun zamanin da aka zauna gindin Dala. Ita tana shan hasken da ido ke gani, ga ta kuma da araha. Aibinta ɗaya: lantarkin da haske ya tayar a cikinta gajeren tafiya gare shi, kafin ya kai bakin ruwa ya mutu a hanya.

Maganin da aka samo shi ne ƙanƙanta ta. Kowace uwargida ta san dunƙulen kanwa ya kan daɗe a tukunya, dakakkiya kuwa nan da nan ta ke narkewa, don ruwa ya taɓa ta ko'ina. Haka masana ke ƙera waɗannan ma'adinai su zama 'yan ƙwayoyi da 'yan tsinkaye waɗanda a ke aunawa da nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita 80,000 ko kusa da haka. In ƙwayar ta ƙanƙance haka, duk inda haske ya tayar da lantarki, ruwa na nan kusa da shi. A 2006 masanan Lozan ta ƙasar Suwizalan suka ƙera tama mai rassa ƙanana haka, aikinta ya ƙaru ƙwarai.

Masu raina abin suna da hujjoji uku, ya kamata a saurare su, a ba su amsa.

Ta farko, sun ce abin bai nuna ba tukuna. Gaskiya ne. A 2021 masanan Japan suka ba da labarin wani gwaji da suka yi a fili, da faranta masu faɗin murabba'in mita 100, abin da suka kama daga ƙarfin rana bai cika kashi 1 cikin 100 ba. A 2023 masanan Jami'ar Mishigan ta Amurka suka kai wajen kashi 9, amma a ɗakin gwaji. Ga kuma haɗari, don haidirojin in ta gauraya da oksijin tana fashewa. To, amma rashin nunarsa shi ne dalilin shiga yanzu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ranar da abin ya nuna, masu shi sun riga sun sa masa kuɗi, wanda ya makara sai saye.

Ta biyu, sun ce mutumin da ke jan guga gaba da yawa kafin ya sha, ina ya ga ruwan rabawa? Wannan tambaya ce mai nauyi a Sule Tankarkar. Ga lissafin: lita 9 na tsarkakakken ruwa ke ba da kilo 1 na haidirojin, ko da ya ke wurin tacewa a kan yi asarar wani. Kilo ɗayan nan kuwa ƙarfinsa ya kusa na lita 4 na fetur. Ashe ruwan ba shi da yawa in an gwada da abin da noman rani ke sha. Duk da haka sharaɗi ne kada a taɓa ruwan gari sai mutane da dabbobi sun ƙoshi. Wanda kuwa bai san lissafin ba, ba zai iya kafa wannan sharaɗi ba in baƙi sun zo da takardar yarjejeniya.

Ta uku, sun ce ai ga sola, ta isa. Sola alheri ce, musamman tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Amma in rana ta faɗi, faranti ya yi barci, batir kuma tsada gare shi, ba ya kuwa daɗewa. Haidirojin ana iya ajiye ta, ko da ya ke da wuya, kamar yadda a ke zuba hatsin kaka a rumbu don bazara. Sa'an nan ga abin da ya fi shafar manomi: da haidirojin a ke yin amoniya, uwar takin zamani irin su yuriya. Masana'antun taki na Legas da Fatakwal daga iskar gas su ke samun tasu, sa'an nan a ɗoro buhunan a mota har Gumel, kowace mil tana ƙara musu tsada. Ranar da za a iya yin taki da rana da ruwa da iska, ƙasar da ta fi rana ita ya kamata ta fi cin moriya.

Dattawan Gagarawa ba su manta da gyaɗa ba. Da jirgin ƙasa ya ratsa ta wurin zuwa Nguru a wajen 1930, aka riƙa lodin buhunan gyaɗa ana kai wa Ingila ɗanya. Can aka matse ta, aka yi mai da sabulu, ribar ta zauna can. Mai noma ya sha rana, mai inji ya sha romo. Yau ga ƙasashen Turai suna ƙulla yarjejeniya da Namibiya da Muritaniya don samun haidirojin ta rana da iska, Jamus kuma ta buɗe ofishi a Abuja kan wannan sha'ani. Ba laifi ba ne baƙo ya zo ciniki. Laifin shi ne a tarye shi da fili da rana da ƙwadago kawai, ilmin duka yana hannunsa.

Akwai kuma wani amfanin sanin abin. Lokaci lokaci wani ya kan fito ya ce ya ƙera injin da ke aiki da ruwa zalla, a ba shi kuɗi. Ruwa ba mai ba ne. Shi kamar toka ya ke, watau haidirojin da ta riga ta ƙone. Ba ya sake ba da wuta sai an zuba masa ƙarfi daga waje, na rana ko na lantarki. Wanda ya riƙe wannan, mayaudari ba zai ci kuɗinsa ba.

Saboda haka aiki yana kan kowa. Mahukunta su sa wa makarantun sakandare na ƙasar Gumel ɗakunan gwaji masu kayan aiki. Kwalejin Ilmi ta Gumel ta yaye malaman kimiyya waɗanda suka taɓa raba ruwa da hannunsu, abin da batir da waya biyu ke iya nunawa. Jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Kano, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, a ba su abin bincike a kan tamar ƙasar nan. Uban da ya koyi karatu da girma, ya san zafin jahilci, kada ya fid da ɗansa ko 'yarsa daga aji don tallar zoɓo ran Alhamis a kasuwar Maigatari. Allah ya riga ya ba ƙasar nan rana. Ya sa 'ya'yanta su zama masu saninta, amin.